Ɗaki Ya Cika, Buba Bai Yi Magana Ba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, uwata ta kaina, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Dutse lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoron Sa. Mahaifiyarki na gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, kowa lafiya, kuma ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar da za ki tafi kin shigo zaure kin durƙusa, kin miƙo mini wayarki in ga fostar da kika yi. Kin ce a babban taron manoma da makiyaya da za a yi a Kazaure wata mai kamawa, idan manya sun gama jawabansu, an ware ɗakuna ga duk mahalarcin da ke son ya ja nasa zaman, kuma ke kin karɓi ɗaya a kan burtalin da shanu ke bi zuwa tafkin ƙauyenmu. Na ji daɗi ƙwarai. Sai idona ya faɗa kan hoton da kika sa a tsakiyar fostar: babban baƙo na musamman, ɗan marigayi Alhaji Sabo. Kafin in ce uffan kika nuna hoton nan da ke rataye a bangon zaurena, kika ce, "Baba, so nake ɗakina ya cika kamar naka." Na ce Allah Ya ba da sa'a. Mota na jiranki, kina ta dariya, sai bakina ya yi nauyi. Tun ranar abin ke cina, shi ya sa na zauna rubutu.

Kin san abin da ke ƙasa, amma bari in maimaita don kada hayaniyar taro ta mantar da ke. Ruga ɗaya ta rage mana a wannan yanki, ta Sambo. Hanya ɗaya ta rage wa shanunsa zuwa ruwa, ita ma ta tsuke har sai sun jeru ɗaya bayan ɗaya suke wucewa. Na ga an jibge turaku da wayar shinge a bakin gonar magajin Alhaji, daidai gefen hanyar. In aka kafa su kafin damina, Sambo zai tashi. Wannan ne aikin ɗakinki, ba wani abu ba.

To saurari yadda ubanki ya yi nasa, sau biyu.

Na farko ina sabon malamin gona a Roni, ƙuruciya na ɗibata, kai cike da takarda. Aka yi irin wannan taro a wata makaranta a Kazaure, aka ce mai son aji ya karɓa. Na karɓa. Na raɗa wa zamana suna mai tsawo kamar rawani, wai "Dabarun Bunƙasa Zaman Lumana Tsakanin Masu Ruwa da Tsaki a Harkar Albarkatun Ƙasa". Na miƙa wa mai sanarwa, ya karanta a lasifika tsakanin sanarwar inda za a karɓi abinci da cigiyar makullin babur. Ni kuwa na koma aji na jera bencina, na goge allo, na gyara hula, ina jira a yi mini ca.

Wani tsoho ne ya fara shigowa. Na tashi da rawar jiki na tarye shi, ashe inuwa yake nema, ya miƙe a bencin baya ya hau barci. Sai wata mata ta leƙo ta tambaye ni ko a nan ake raba jaka da biro. Na ce a'a, ta juya ko sallama babu. Ajin da ke maƙwabtaka da ni kuwa, wani ne ke raba taki a ƙulle a leda, mutane har kan taga. Ina jin tafinsu ta bango har aka kira La'asar. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na tashe tsohon nan muka tafi masallaci.

Abin da ya kamata in koya a ranar shi zan faɗa miki. Sanarwa daban, gayyata daban. Kakanki in zai kira gayyar noma ba ya hawa kan katanga ya yi shela. Gida gida yake bi da goro a aljihu, ya zauna, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya ce, "Wane, ranar kaza ina bukatar hannunka." Mutum in an zo har ƙofarsa an ambaci sunansa, nauyi ya hau kansa. Fostarki ta waya tana da kyau, na yaba, amma Sambo ba zai gan ta ba, ƙananan manoman da gonakinsu ke gefen burtalin ma haka. Zumunta a ƙafa take, gayyata ma haka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kada ki bari sai kin iso Kazaure ki tsaya bakin ƙofa kina kiran masu wucewa. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo gida tun da sauran lokaci.

Sunan zaman kuma ki sauke shi ƙasa. Na ga naki ma ya ɗauko hanyar nawa, gado ba ƙarya ba ne. Ki rubuta abin da mutane ke faɗa da bakinsu, kamar "Ta ina shanu za su bi su sha ruwa?" Wanda abin ya dama zai ji da shi ake. Lokaci kuma kada ki karɓi wanda aka miƙa miki kawai. Ki tambaye su. Makiyayi ba ya fita kafin a gama tatsa, kuma in ranar ta faɗa kan kasuwar Gwiwa, to ke da benci za ku yi hira.

Wannan shi ne darasin da ke cikin ajin nan. Ni kuwa ba shi na ɗauka ba. Haushi na ɗauka. Na ce to, ashe haka kuke, sai inda ake rabo ko inda babban mutum ya zauna? Za ku gani. Na haɗiye abin shekaru.

Kafin taro na biyu ya zagayo, Alhaji Sabo ya sayi filin da ke bakin tafki, shingensa ya fara cin burtali ta gefen gabas. Wanda abin ya fi shafa shi ne Buba, mahaifin Sambo. Ba ki san shi ba, ba a haife ki ba. Buba abokina ne tun muna samari. Duk rani shanunsa a gonar kakanki suke kwana, su bar mana taki, mu ba su kara da harawa. Lokacin da mahaifiyarki ta yi doguwar jinya bayan haihuwar yayanki, nonon gidan Buba ne ya riƙe yaron nan, kullum matarsa sai ta sauke mana ƙwarya kafin ta shiga gari. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya buɗe baki a kan hanyar shanu, sai ka ji kamar a tafin hannunsa take.

Na sake karɓar aji. A wannan karon na taka da ƙafata, na yi ta zarya zuwa ruga. Buba ya ƙi. Ya ce, "Malam, taro ba namu ba ne. A shanya mu a rana, a yi Turanci, a ɗauke mu hoto, a ce mu tafi."

Na ce, "Wannan ba irinsa ba ne. Ajinku ne. Ku za ku yi magana, ni nawa saurare da rubutawa, in miƙa wa na sama."

Ya ce, "Wa da wa za su zo?"

Na ce, "Ku ne da manoman gefen hanya, duk ka san su."

Ya daɗe yana zane ƙasa da sanda, sannan ya ce, "Saboda kai zan zo." Ya kuma bi sauran rugage da kansa ya tattaro dattawansu.

A lokacin da na ba shi amsar nan gaskiya na faɗa. Amma da ranar ta matso sai bencinan nan na Kazaure suka dawo mini a ido. Na ce in Fulani suka makara fa? In manoma suka bi rabon taki fa? In sake tsayawa ni da allo, ana tafi a maƙwabta? Wani abokin aikina, gwanin shirya taro, ya ce da ni, "Kai dai ba ka waye ba. Ka kawo babban mutum, jama'a za ta biyo shi kamar ƙuda." Sai na wanke ƙafa na tafi gidan Alhaji Sabo. Har na yi wa kaina huɗuba a hanya, wai ai gara mai shingen ya ji da kunnensa. Buba kuwa ban koma na gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Ummi, Alhaji ya zo, kuma jama'a ta biyo shi. Tun kafin ya iso yaransa suka shigo da kujera mai laushi da tebur, suka shimfiɗa masa ƙyalle, suka jera robobin ruwa. Suka cika bencina na gaba, 'yan kallo suka cika na baya, har da maroƙi a bakin taga. Mai rabon taki ranar shi ya ji tafina ta bango. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, ƙirjina har wani buɗewa yake.

Sai ga su Buba. Yaran Alhaji suka tare su a ƙofa, suka ce a ajiye sanduna a waje. Suka ajiye. Buba ya leƙo ya ga wanda ke kan kujera, ya dube ni, kallo ɗaya. Suka tuɓe takalma suka durƙusa suka kwashi gaisuwa, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu duka. Da yake babu sauran wuri, inda suka durƙusa nan suka zauna, a ƙasa, kusa da tarin takalma.

Aka yi addu'a. Aka gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa. Alhaji ya karɓi abin magana ya ce manomi da makiyayi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ya ja aya a kan haƙƙin maƙwabtaka, aka yi ta tafi. Lokaci ya kusa ƙarewa sannan na samu na ce, "To, Buba, bismilla, faɗi abin da ke damunku."

Ya ɗan ɗago daga inda yake. Ya dubi Alhaji a sama, ya dubi yaran da suka juyo suna kallonsa, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu da ta cewa sai godiya. Allah Ya ƙara girma."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "To kun ji da kunnenku. Ashe ma babu matsala."

Manoman gefen hanya da na gayyato, waɗanda a gona suke cika mini kunne da cewa shingen nan ne ke tura shanu cikin dawarsu, ko tari babu wanda ya yi. Masu shirya taro suka shigo suka ga aji maƙil, suka ɗauki hoto, suka ce zamana ya fi na kowa armashi. Aka yaba mini a gaban jama'a a wurin rufe taro.

Na iske Buba a waje yana zaɓar sandarsa cikin sanduna. Na fara kame-kame. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, in cika ɗaki kake so, da ka faɗa mini, da na turo maka yara, ban baro shanuna ba. Ka san ba a koya mini in tsaya gaban babba yana kan kujera in ce ya ci mini hanya ba. Kai ma ba a koya maka ba." Ya saɓa sandarsa ya tafi.

Daga baya da suka kai kuka inda ake kai kuka, aka ce da su, ba ku ne kuka faɗa da bakinku a gaban shaidu cewa babu matsala ba? Ajina ne ya zama hujja a kansu. Kafin daminar ta kankama an rufe gefen gabas gaba ɗaya. Buba ya kaɗa shanunsa ya bi ta Babura ya tsallaka Nijar, ya bar Sambo wurin dangin uwarsa. Bai zo mini sallama ba. A can ya rasu, sai a kasuwa na tsinci labarin.

Hoton da kika taso kina alfahari da shi, na ranar ne. In kin zo ki dubi kusurwar ƙasa ta hagu. Za ki ga takalma, za ki ga gefen malafa da gwiwar mutum. Buba ke nan. Za ki ce me ya sa na rataye shi? Da farko don a duk aikin da na yi wa gwamnati, ranar kaɗai aka taɓa yaba mini, kuma ɗan Adam bai da kunya. Daga baya kuma na kasa saukewa, don ba ni da wani hoton Buba sai shi.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Cikar ɗaki ba ita ce nasara ba, akwai taron tsintsiya ba shara. Waɗanda suka aike ki za su tambaye ki mutum nawa suka zo, za su nemi hoto, don su ma abin da za su nuna wa na sama da su ke nan. Na san su, na yi aiki da iyayensu, ba su canza ba sai dai motocin. Ki ba su haƙuri, ki ba su abin da aka faɗa a zaman. In sun ɓata rai, su ɓata. Kuma kada ki yi wa kowa alkawarin kuɗin mota don ya zo. Wanda ya zo don ambulan, idonsa na kan ƙofa tun daga addu'ar buɗewa, kuma duk abin da kika ce zai ce haka ne.

Abin da ke kawo mutum na gaske shi ne ya tabbata za a ji shi, kuma ya san a gaban wa zai yi magana. Duk wanda kika gayyata ki lissafa masa waɗanda za su zauna, kada ki ɓoye kowa ga kowa, ko da faɗin zai sa ya ƙi zuwa. Ki je wa manoman gefen hanya ɗaya ɗaya, ki ce musu ba shari'a za a yi ba, tambayarsu za a yi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki biya wurin matan ruga, su ne ke zagaye da ƙwarya a ka tun da aka rufe gabas. Ba za su yi magana cikin maza ba, kin sani, to ki zauna da su tun kafin ranar, ki ɗauko maganarsu da izininsu. Abin magana kuma ki bar shi a babban zaure, muryar mutum ta isa aji.

Ɗan Alhaji ban ce mugu ba ne. Yaro ne mai gaisuwa, yana tsayar da mota in ya gan ni. Amma ko waliyyi ne, in ya zauna kan kujera a ɗakin nan, babu mai buɗe baki, don ba halinsa ake tsoro ba, girmansa ake jin nauyi. Shi a gidansa za a same shi, bayan zama, da maganar da mutane suka haɗu a kai, tare da dattawa biyu ko uku. Na san kin riga kin gayyace shi, kuma janye gayyata abin kunya ne. Ki bar mini wannan. Ni zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, in ce laifina ne. Tsoho ya fi ki fatar ɗaukar kunya, kuma dama ana bina bashinta.

Bayan tafiyarki na hau keke na tafi rugar Sambo. Rabona da wurin tun tashin ubansa, kin ga ƙarfin hali irin na marar gaskiya. Ya karɓe ni, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono. Na faɗa masa abin da kike shiryawa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, Baba ya ba mu labarin ɗakinka."

Na ce, "Na sani. Ba nawa ba ne wannan, na Ummi ne."

Ya hau zanen ƙasa da sanda, kamar ubansa sak. Can ya ce, "Ita ba ta yi mana komai ba. Zan zo, zan kuma zo da mutane. Amma daga ƙofa zan leƙa. In na ga kujera ko ɗaya, zan juyo, kuma kafin ruwan farko mun bi sawun Baba."

To kin ji sharaɗin. Na naɗe tabarmin zaurena duka, na aro na maƙwabta, zan ba direban motar Gwiwa ya sauke miki su a Kazaure ana gobe taro. Ki shiga ajin da wuri ki fitar da kujeru da bencina da tebur, da hannunki, kada ki wakilta kowa, don za a bar ɗaya a ce ta shugaba ce. Kowa ya tuɓe takalmi, har ke, har wanda ya zo daga ofishinku. Sanduna kuma a bar su su shigo da abinsu. In mutum biyar suka zo, ki zauna da biyar ɗin ki fara, kada ki riƙa leƙen taga ko kina jin tafi ta bango.

Hoton na sauke shi jiya, yana cikin akwati. Ni ma zan zo, in kin yarda. Kada ki gabatar da ni, kada ki ba ni magana. A bakin ƙofa zan zauna, wurin takalma, in ji abin da na hana Buba faɗa.

Allah Ya yi miki albarka, uwata. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin yabo, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa damina ta same mu da maƙwabtanmu. Allah Ya jiƙan Buba, Ya yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinki,
Hamisu